Ciwon Ƙirji a Jikin Mai Lufus: Cutar ce ta Motsa ko Bakteriya ce ta Kai Zuciya?

Likitan da ke duba masu cutar lufus yana da tambaya ɗaya da ba ta barin sa ya huta. Maras lafiya ta zo da zazzaɓi da ciwon ƙirji da haki: cutar ce ta motsa, ko kuwa wata ƙwayar bakteriya ce ta samu ƙofa a buɗe ta shigo? In cutar ce ta motsa, maganinta a ƙara danne garkuwar jiki. In bakteriya ce, ƙara danne garkuwar shi ne mafi munin abin da za a yi mata. Alamun biyun kuwa kusan ba su da maraba. A fata ko a gaɓoɓi ana iya kuskure a gyara daga baya. A zuciya, jinkirin kwana biyu kan zama ajali.

Lufus, wadda a katin asibiti ake rubuta ta SLE, cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa jikin da aka ba ta gadinsa: fata, gaɓoɓi, ƙoda, jini, ƙwaƙwalwa, har zuciya. Cikin mutum 10 masu ita, kusan 9 mata ne, galibi 'yan shekara 15 zuwa 45. A Amurka da Ingila ta fi kama baƙar fata, ta kuma fi yi musu tsanani. An daɗe ana cewa da wuya a same ta a Afirka ta Yamma, tun bayan rahoton da Brian Greenwood ya fitar daga Ibadan a 1968. Amma da aka samu likitocin gaɓoɓi da gwajin da ke gano ta, sai ga ta tana bayyana a asibitocin koyarwa na Najeriya. A ganina rashin ganowa ya ci kaso mai tsoka a wancan lissafin.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne yadda garkuwar da ta kai ga cin jikin mai ita za ta gaza a gaban ƙwayar cuta. Ai ruɗewa ta yi, kuma ruɗaɗɗen mai gadi ba ya tsare gida. Akwai wasu furotin a jini, kamfiliment, da ke manne wa bakteriya su yi mata alama don fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta. A lufus ana ƙarar da su wajen faɗan cikin gida, shi ya sa likita ke duba biyu daga cikinsu, C3 da C4, ya tarar sun yi ƙasa. Fararen ƙwayoyin jinin su ma kan ragu. Wasu kuma saifarsu kan yi sanyi ta daina tace jini yadda ya kamata, irin matsalar da iyayen masu sikila suka sani, wadda ke ba ƙwayoyi masu kwanso, kamar ta ciwon nimoniya, damar yin ɓarna. A kan wannan sai a ɗora magungunan danne garkuwa: prednisolone, wanda sitiroyid ne, azathioprine, mycophenolate, cyclophosphamide, rituximab. Suna ceton ƙoda, suna ceton rai, suna kuma rage tsaro. Tun 1976 Murray Urowitz da abokan aikinsa a Toronto suka nuna cewa mutuwar masu lufus zango biyu ce: ta shekarun farko, daga zafin cutar da kamuwa da ƙwayoyin cuta, sai ta baya, daga toshewar jijiyoyin zuciya.

Ita kanta lufus ba baƙuwa ba ce a zuciya, kuma nan ne tushen rikicin. Zuciya tana zaune cikin wata jaka mai ruɓi biyu, da ɗan ruwa mililita 15 zuwa 50 a tsakani don kada ta yi ta goga. Kumburin wannan jaka shi ne abin da lufus ta fi yi wa zuciya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu cutar zai ji shi wata rana: suka a ƙirji, tana ƙaruwa in an ja numfashi ko an kwanta rigingine, tana sauƙi in an zauna an duƙa gaba. Za ka tarar da maras lafiya ta rungume matashi a cinya ta kifa a kai, ta ƙi kwanciya. Mafi yawan lokaci babu wata ƙwayar cuta a ciki, ɗan sitiroyid da colchicine kan kwantar da shi. To tun da sau da yawa likitan da ya ce "cutar ce ta motsa" yana da gaskiya, ranar da ba shi da gaskiya babu abin da zai ja masa kunne. Ƙarancin faruwar abin shi ne haɗarinsa.

Wannan ranar ita ce ranar da jakar ta cika da mugunya. A ƙasashen da suka ci gaba, irin wannan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kumburin jakar zuciya ba. Kafin zuwan antibayotik, yawanci ƙwayar nimoniya ce ke tsallakowa daga huhu. Yanzu Staphylococcus aureus, wadda ma'aikatan asibiti ke ce wa staf, ita ce a gaba, kuma ta jini take zuwa: daga maruru, daga miki, daga allurar ƙarin ruwa da ta kwana biyu a hannu. A masu lufus an sha samun Salmonella a cikin ruwan. In ba a zuƙe mugunyar an ba da magani ba, kusan babu mai tashi. Ko da an yi duk abin da ya dace, ana rasa wani kaso mai yawa.

Mu ɗauka wata mace ce 'yar shekara 27, tana shan prednisolone miligiram 30 kullum saboda ƙodarta. Sitiroyid yana rufe zazzaɓi, don haka jikinta ɗumi-ɗumi ne kawai. Sukar nan ta ƙirji ma ba lallai ta ji ta ba, domin mugunya a jakar zuciya ta kan zo ba tare da alamun da littafi ya lissafa ba, shi ya sa a da akan gano da yawa sai bayan mutuwa. Abin da za a gani shi ne bugun zuciya 120 a minti, numfashi sama-sama, tafin hannu da sanyi, ga jijiyar wuya ta kumbura ta miƙe har kusa da kunne alhali tana zaune. In likita ya ɗora abin sauraro, bugun yana zuwa daga can nesa. In ya auna jini, ya faɗi. Waɗannan ukun, faɗuwar jini da kumburin jijiyar wuya da dusashewar bugu, Claude Beck ne ya haɗa su a 1935. Akwai kuma wata alama da ba ta bukatar na'ura mai tsada: ka riƙe jijiyar wuyan hannu, sai ka ji bugun yana raunana duk lokacin da ta ja numfashi, yana dawowa in ta sauke. In aka auna aka ga lambar sama ta jini tana faɗuwa fiye da 10 a jan numfashi, ruwa ya fara shaƙe zuciya.

Yawan ruwan bai kai saurin taruwarsa muhimmanci ba. Jakar kamar sabon takalmin fata take: ka tura ƙafa da ƙarfi ya matse ka, amma in a hankali ne yana buɗewa. Ruwan da ya taru cikin watanni yana iya wuce lita ɗaya mutum yana yawonsa, wanda ya taru cikin sa'o'i kuwa mililita 200 ya isa ya hana zuciya buɗewa ta karɓi jini. Zuciyar da ba ta cika ba, ba ta da abin turawa. Hoton eko, wato sikanin zuciya, kan nuna ruwan cikin minti biyar, da bangon ɓangaren dama yana lotsawa ciki. Daga nan sai a soka doguwar allura ta ƙasan ƙashin ƙirji, ana kallon na'urar, a zuƙo. Ruwan lufus yakan fito ruwan ɗorawa ko da ɗan jini-jini. Mugunya kan fito da kauri, wani lokaci ta ƙi bin allurar sam domin ta rarrabu ɗaki-ɗaki, sai an yi tiyata an buɗe taga a jakar an sa bututu. Amma kada a dogara da ido. Ruwan lufus shi ma yana iya zuwa cike da fararen ƙwayoyin jini, sukarinsa a ƙasa, tamkar na bakteriya. Kama da wane ba ta wane. Mai raba gardama shi ne a shafa ruwan a gilashi a duba, a kuma zuba shi a kwalba a jira a ga abin da zai tsiro, wato kalca.

A nahiyarmu akwai na uku da dole a sa a lissafi, shi ne tarin tibi. A Afirka kudu da Sahara tibi ce ke kan gaba wajen tara ruwa mai yawa a jakar zuciya, kuma ita ma bakteriya ce da sitiroyid ke tayarwa daga barci. Ramewa, zufan dare, zazzaɓin yamma, duk lufus na yin su. Ana auna wani sinadari mai suna ADA a ruwan, ana kuma sa shi a na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tibi, ko da yake rashin ganin ƙwayar a nan bai wanke maras lafiya ba. Babban binciken da Farfesa Bongani Mayosi na Jami'ar Cape Town ya jagoranta a ƙasashen Afirka 8, wanda aka wallafa a 2014 kan mutum 1,400, ya nuna ƙara prednisolone a kan maganin tibi bai rage mutuwa ba, amma ya rage ƙanƙancewar jakar daga kashi 7.8 zuwa 4.4 cikin ɗari, ya kuma ƙara yawan ciwon daji a masu ƙanjamau. Ga mai lufus akwai wani ƙarin ƙulli: rifampicin, ginshiƙin maganin tibi, yana sa hanta ta yi saurin narkar da prednisolone, sai adadin da ya saba riƙe cutar ya daina riƙe ta.

Cikin zuciya kuma akwai bawul huɗu da ke hana jini komawa baya. A 1924 Emanuel Libman da Benjamin Sacks na asibitin Mount Sinai da ke New York suka bayyana wasu ƙananan tsiro da suka gani a kan bawul ɗin mutum huɗu, tsiron da babu ƙwayar cuta a cikinsu, tarin kumburi ne da gudan jini. Har yau da sunansu ake kiran abin. Sun fi fitowa a bawul ɗin mitiral na ɓangaren hagu, kuma sun fi yawa ga masu wata garkuwa da ke sa jini daskarewa, wadda Graham Hughes ya bayyana ciwonta a Landan a 1983, ita ce mai jawo yawan ɓari da toshewar jijiya. Yawanci shiru suke zaune. Amma bawul ɗin da ya yi kaushi wurin maƙalewa ne, duk bakteriyar da ta bi jini ta wuce ta nan tana iya kamawa. In ta kama, sai ta lulluɓe kanta da gudan jini inda fararen ƙwayoyi ba sa kaiwa, ta yi ta cin bawul ɗin har ta huda shi. Guntayenta kan ɓalle su tafi ƙwaƙwalwa su jawo shanyewar ɓarin jiki, ko su tafi saifa da ƙoda. Wani lokaci takan haƙa ƙurji a gindin babbar jijiyar awota, kusa da hanyar da saƙon bugun zuciya ke bi, shi ya sa ake maimaita gwajin ECG, mai zana bugun zuciya a takarda, kullum: in tazarar da ke tsakanin bugun ɗakin sama da na ƙasa ta fara tsawo, ƙurjin ya fara. Ko a manyan asibitocin duniya, kusan mutum ɗaya cikin biyar masu wannan ciwo ba ya fita da rai, kuma kusan rabi sai an kai su tiyata.

Ta ina ƙwayar ke shiga? Daga ruɓaɓɓen haƙori da dasashi mai jini, daga fata, sai kuma babbar hanya ga masu lufus da ƙodarsu ta gaza: bututun wankin ƙoda da ake sakawa a wuya, wanda bakinsa ke kaiwa har ƙofar zuciya. Bututun wucin gadi da aka bari makonni saboda babu kuɗin yin na dindindin gayyata ce ga staf. A ƙasar Hausa kuma mace tana iya zuwa da bawul ɗin da ya riga ya lalace tun tana yarinya, sakamakon ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba, ga kuma lufus a kai.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki a wannan babi shi ne kwaikwayon yana tafiya ta fuska biyu. Bakteriyar da ta daɗe a kan bawul ita ma tana rikita garkuwar jiki. Tana saukar da C3, tana kumbura ƙoda har jini da furotin su fito a fitsari, tana sa ciwon gaɓoɓi da ƙuraje a yatsu, tana ma iya sa gwajin ANA, wanda ake fara neman lufus da shi, ya nuna akwai. Ke nan mutumin da ba shi da lufus sam ana iya laƙaba masa ita a ɗora shi kan sitiroyid, mai lufus kuma a ce ƙodarta ce ta motsa a ba ta cyclophosphamide, alhali staf ce zaune a zuciya.

Salmonella ta cancanci a tsaya a kanta. Ba ta taifot kaɗai ake nufi ba, har danginta da ake samu a ƙwai da kaza da naman da bai dahu ba, waɗanda a jikin mai lafiya gudawar kwana uku ce a wuce wurin. A jikin mai lufus sukan tsallake hanji su shiga jini, sau da yawa ba tare da gudawa ba, su ɓuya cikin ƙwayoyin garkuwar da ya kamata su kashe su, su sake dawowa bayan an ce an warke. Suna da son bangon jijiyar da ya riga ya samu rauni. Masu lufus kuwa jijiyoyinsu na saurin tsufa: binciken Susan Manzi a Pittsburgh a 1997 ya gano mata masu lufus 'yan shekara 35 zuwa 44 sun fi takwarorinsu fuskantar toshewar jijiyar zuciya fiye da sau 50. In Salmonella ta zauna a bangon awota, sai ya yi laushi ya kumbura, yana iya fashewa. Zazzaɓin da ya ƙi tafiya tare da sabon ciwon baya ko na ciki mai tsanani, ga Salmonella a jini, dalili ne na ɗaukar hoton CT ba tare da ɓata lokaci ba. Gwajin Widal na taifot, wanda tun 1896 ake da shi kuma har yanzu shi ake yi wa kowane zazzaɓi a garuruwanmu, ba ya amsa ko ɗaya daga waɗannan tambayoyi.

Gwaje-gwajen jini suna taimako, kowanne da gurguntakarsa. ESR da CRP gwaje-gwaje ne na auna kumburi a jiki: in lufus ta motsa, ESR kan hau sosai amma CRP ta tsaya ƙasa-ƙasa, don haka CRP da ta haura miligiram 50 ko 60 a lita tana karkata ga bakteriya. Sai dai kash, kumburin jakar zuciya da ta huhu na cikin 'yan wuraren da lufus kaɗai ke iya ɗaga CRP, wato gwajin ya gaza daidai inda aka fi bukatarsa. Procalcitonin ya fi shi nuna bakteriya, amma yana da tsada, ba ko'ina ake yi ba, kuma tibi ba ta cika ɗaga shi ba. Hauhawar anti-dsDNA, wata garkuwa mai alamta lufus, da faɗuwar C3 na nuna cutar ta motsa, amma ba su ce babu ƙwaya ba, domin ana samun biyun lokaci guda, kamuwa da ƙwayar ma kan tayar da cutar. Eko na kan ƙirji yana iya kasa ganin ƙaramin tsiro, sai an zura na'urar ta maƙoshi ta leƙo zuciya ta baya. A nan tsiron Libman da Sacks kan zauna daram a gindin bawul, na bakteriya kuma yana reto a bakinsa, amma wannan ma hasashe ne mai ƙarfi kawai.

Ya rage kalca ta jini, ginshiƙin ma'aunin Duke da ake gano ciwon bawul da shi tun 1994, wanda aka sabunta a 2000 da 2023. Ana ɗibar jini sau uku daga jijiyoyi daban-daban, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba, kafin antibayotik ya shiga jiki. Kafin ɗin nan shi ne inda muke faɗuwa. Nas za ta tambaya, "Hajiya, kin sha wani magani kafin ki zo?" Sai maigidan ya zaro leda: maganin zazzaɓin cizon sauro, ciprofloxacin na kwana uku daga kemis, allurar ceftriaxone guda biyu da aka yi mata a gida. Wannan bai isa ya kashe ƙwayar da ke kan bawul ba, amma ya isa ya hana ta tsirowa a kwalba. Sakamako ya fito babu komai, likita ya koma ga hasashen da ya fi saba da shi, a ƙara sitiroyid. Ban ga laifin iyalin ba, haka tsarin ya koya musu. Amma duk mai lufus ya kamata ta san cewa ita zazzaɓinta ba na kemis ba ne.

In an rasa tabbas kuma maras lafiya na shan wuya, abin da ƙwararru ke yi shi ne a ɗebi jinin kalca, a fara antibayotik mai faɗi ta jijiya nan take, a dakatar da manyan magungunan danne garkuwa, a jinkirta ƙara sitiroyid in da hali har sakamako ya fito. Sitiroyid ɗin da ta daɗe tana sha kuwa ba a yanke shi kwatsam, domin jikinta ya daina yin nasa, yankewar kan sa jini ya faɗi warwas. Wani lokaci ma ƙara shi ake yi kaɗan don jiki ya jure. Akwai kuma tsaka mai wuya ga mai shan warfarin saboda daskarewar jini: tsiron Libman da Sacks yana son a tsinka jini, na bakteriya kuwa in guntunsa ya je ƙwaƙwalwa, tsinkakken jini kan mai da toshewa ta zama zubar jini. Maganin ciwon bawul mako 4 zuwa 6 ne ta jijiya, kuɗin gado da na allura ba ƙaramin abu ba ne, kuma sallamar kai a mako na biyu don zazzaɓi ya sauka na daga hanyoyin da ciwon ke dawowa.

Ta fuskar kariya, hydroxychloroquine shi ne maganin lufus da ba ya raunana tsaro, bincike ma ya nuna masu shan sa sun fi ƙarancin kamuwa da ƙwayoyin cuta, duk da haka akan ajiye shi da an ji sauƙi. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai, EULAR, ta ce a 2023 a yi ƙoƙarin sauko da prednisolone zuwa miligiram 5 ko ƙasa a kullum. Wannan lissafi kan rushe in mace tana ƙarawa da kanta duk ranar da gaɓoɓi suka yi tsami, ko tana haɗawa da ƙwayoyin ƙiba na sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu sitiroyid ne. Rigakafin nimoniya ya dace da su, amma na shawara, wanda ake nema don katin tafiya, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, ba a yi wa wadda ke kan manyan magungunan danne garkuwa. Wadda ta taɓa ciwon bawul ko aka sa mata na roba tana bukatar antibayotik kafin a cire mata haƙori.

Bayan sallama ma da sauran aiki. Jakar da ta taɓa ɗaukar mugunya ko tibi tana iya warkewa da tabo mai kauri, ta ƙanƙance ta ɗaure zuciya bayan watanni. Ƙafafu su kumbura, ciki ya tara ruwa, hanta ta girma, kuma tun da mai lufus ce, hankalin kowa zai tafi kan ƙoda. Jijiyar wuya ce za ta tona asiri: a tsaye take, kuma in an ja numfashi maimakon ta sauka sai ta ƙara cika. Maganin fitsari sauƙin ɗan lokaci yake bayarwa. In tabon ya riga ya ƙanƙare, sai likitan tiyata ya buɗe ƙirji ya ɓare jakar daga jikin zuciya.